Zo Mu Zauna, Zo Mu Saɓa: Kalmomin Kaka da na Sabon Aure

Tambayoyin wannan karon daga sababbin ma'aurata suka fi yawa, kuma kusan dukansu sauyin yanayi ne ya tayar da su. Ban yi mamaki ba. Idan dare ya fara tsawo, mutum biyu sukan daɗe a ɗaki ɗaya, hira ta yi yawa, gardama kan kalma ma ta samu wurin zama. Na zaɓi huɗu.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Watanmu bakwai da aure. Inda muke zaune, 'yan makonnin nan ganyen itatuwa ya koma rawaya da ja yana ta zuba, magariba kuma tana yi da wuri. Na ce wa iyalina kaka ta shigo, ta ce ba ta yarda ba, wai kaka lokacin girbi ce, mu kuwa ko gona ba ma gani. Wa ya fi gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗana, iyalinka ta san Hausa, kai ma ba ka yi kuskure ba. A asali Hausa da ruwan sama da gona take auna shekara: bazara zafi ne mai share fagen ruwa, damina ruwa da noma, kaka ɗaukewar ruwa da nunar amfani da girbi, rani kuwa bushewar ƙasa, da hunturu a farkonsa. Wannan shi ne abin da ta riƙe. A sassan duniya masu nisa da tsakiyarta kuwa, rana ce ma'auni. Duniya a karkace take juyawa, karkatar da ta kai kusan digiri 23 da rabi, shi ya sa a ranar 22 ko 23 ga Satumba dare da yini suke kusan daidaita, daga nan dare ya riƙa cin yini a arewacin duniya har zuwa 21 ko 22 ga Disamba. A kudancin duniya, kamar Ostareliya da Ajantina, daga Maris zuwa Yuni ake wannan yanayi. Ganyen da kuke gani ma ba rina shi aka yi ba. Idan haske ya ragu, bishiya takan daina sabunta sinadarin da ke ba ganye launin kore, ta janye abin amfaninta zuwa cikin rassa da gindi, sai rawayar da dama tana ɓoye a ganyen ta fito fili.

To, ko kaka ta dace da wannan lokaci? A ganina ta dace sarai, domin wasu harsunan ma ta ƙofar girbi suka shiga. Larabawa suna ce masa kharif, daga tushen da ke nufin tsinkar 'ya'yan itace. Jamusawa suna cewa Herbst, wadda tushenta ɗaya da kalmar girbi a Ingilishi, kuma tsohon Ingilishi da kalmar girbin yake kiran lokacin baki ɗaya. Mazaunin birni a can ma ba ya ganin gona, amma bai sauya wa lokacin suna ba. Idan kuna son fayyacewa, ku ce kaka, lokacin zubar ganye. Ya wadatar.

Na lura da yadda ka ce "iyalina ta ce". Iyali kalma ce da muka aro daga Larabci, ma'anarta waɗanda mutum ke ɗauke da nauyinsu. Bahaushe ya mai da ita lafazin sakaya sunan matarsa saboda kunya da girmamawa, shi ya sa ka bi ta da "ta", ba "ya" ko "suka" ba. Hausa ce tsantsa. Ku kuma kula da rubutu: kaka ta lokaci mace ce kullum, kakar bana, kakar bara. Kaka na dangi kuwa yana iya zama namiji ko mace, kakan wane ko kakar wane, jam'insa kakanni. Akwai kuma ƙaƙa mai lanƙwasa, wadda a karin harshen yamma take nufin yaya, daga gare ta aka samu halin ƙaƙa-ni-ka-yi, wato halin da mutum ya rasa yadda zai yi.

Tambaya: Malam, mun ɗan samu matsala da maigidana kan abin da bai taka kara ya karya ba. Ya dawo aiki da duhu, ya shigo da takalmi duk ganye da laka a kan dandamalin da na goge, na yi magana, ya ɗaga murya. Na faɗa wa gwaggona, sai ta turo min saƙo a waya: "zo mu zauna zo mu saba". Shi ya ce ma'anarsa idan aka zauna tare za a saba da juna. Ni kuma ina jin ba haka ake faɗa ba.

Amsa: 'Yata, kunnenki bai yaudare ki ba. Karin maganar ita ce zo mu zauna, zo mu saɓa, da ɓ mai lanƙwasa. Wayar gwaggonki ce ta cinye lanƙwasar, kuma da faɗuwar wannan ɗan ƙugiya ma'ana ta juye gaba ɗaya. Saba shi ne yin sabo, mutum ya shaƙu da abu har ya zame masa jiki. Saɓa kuwa shi ne rashin haɗuwa. Dubi yadda muke amfani da ita: ka je gidan aboki shi kuma ya nufi gidanka ta wata hanya, sai ku ce kun yi saɓani. Mutum ya saɓa alkawari, wato aikinsa bai hau kan maganarsa ba. Saɓon Allah ma daga nan yake, umarni ya bi nan, bawa ya bi can. A duk waɗannan hoton ɗaya ne, abu biyu da ya kamata su gamu sun wuce juna.

Ina son ku tsaya kan wannan hoton, domin shi ne zuciyar maganar. Saɓani ba gaba ba ne, ba kuma ƙiyayya ba. Waɗanda suka yi saɓani a hanya ai neman juna suke yi. Ke kin yini kina gyaran ɗaki, idonki na kan dandamali. Shi ya yini a waje, ya taho cikin iska da duhu, hankalinsa na kan ya shiga ya samu ɗumi. Kowa da inda ya dosa, kuka wuce juna a bakin ƙofa. Abin da karin maganar ke cewa shi ne, duk wanda ya gayyaci wani zama, ya gayyaci irin wannan tare da shi, ko ya sani ko bai sani ba. 'Yar uwarta ita ce tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, ga su a baki ɗaya, ba mai iya ƙaura ya bar wani.

Amma akwai inda ake zaluntar wannan karin magana, kuma abin yana damuna. Wasu sukan ɗauke ta su rufe bakin wanda aka ɓata wa rai, kamar dai tunda saɓani dole ne, ba sauran ban haƙuri. Ba haka ba ne. Maganar ta ce za a saɓa, ba ta ce a bar saɓanin ya kwana ba. Ɗaga murya a kan matar da ta goge ɗaki abu ne da ake cewa "yi haƙuri" a kansa, ita ma idan ta tari wanda ya shigo a gajiye da faɗa kafin sannu da zuwa, akwai nata laifin. Ga maigidanki kuma ina cewa, fassararsa ba ita ce karin maganar ba, ko da yake fatan da ke cikinta mai kyau ne. Sai dai sabo ma Hausa ba ta sake masa fuska duka ba, tunda ta ce sabo turken wawa. Akwai sabon da ke kawo natsuwa, akwai wanda ke sa mutum ya daina ganin wahalar abokin zamansa.

Shawarata ga kowa: ku sa allon rubutun Hausa a wayoyinku. Ɓ da ɗ da ƙ haruffa ne masu zaman kansu, ba ado ba ne.

Tambaya: Malam, yaushe mace take daina zama amarya? Shekararmu guda ke nan, kakar bara aka ɗaura, kuma ina jin kamar ɗokin ya ragu. Shin kalmar amarya tana da alaƙa da aure?

Amsa: Bari in fara da ta biyun, don tana da daɗin bayani. E, suna da alaƙa, kuma ta jini. Tsohuwar siffar aure ita ce amre, har yau ana jin ta a karin harshen yamma. A Daidaitacciyar Hausa, idan m ko b ko f ta faɗo a ƙarshen gaɓa a irin waɗannan kalmomi, takan narke ta koma u. Haka amre ta zama aure, zamna ta zama zauna, abduga ta zama auduga, tabshi ya zama taushi. Wani masanin harsuna Bajamushe, August Klingenheben, shi ya tsara bayanin wannan sauyi a ƙarshen shekarun 1920, har masana suna kiran ƙa'idar da sunansa. A cikin amarya, wasali ya biyo bayan m ɗin, don haka ba ta ƙarshen gaɓa, sai ta tsira. Ke nan amarya ta adana tsohon sautin da aure ya rasa. Haka zama da zauna suke, tushensu ɗaya, zama ta riƙe m, zauna ta sake ta.

Wannan ya kai mu ga tambayarka ta farko. Harshe bai yanka wa amarci ranar ƙarewa ba. Akan ci gaba da kiran mace amarya muddin ita ce sabuwar shigowa a dangi, wata ma sunan ya bi ta har tsufa. Amma dubi fi'ilin da muke haɗawa da kowace kalma. Amarci ci ake yi, muna cewa suna cin amarci, kamar abin marmari da ke da farko da ƙarshe. Aure kuwa zama ake yi, zaman aure, abokiyar zama, zaman lafiya. Abin da ake ci yana ƙarewa, ba aibi ba ne idan ya ƙare. Kirarin nan na amarya ba kya laifi ko kin kashe ɗan masu gida, zuguguwa ce ta kwanakin ɗoki, kowa ya san ba hukunci ba ne. Idan waɗannan kwanaki suka wuce, abin da ya rage shi ne wa zai tashi ya rufe taga, wa ya tuna ya fito da barguna ya shanya kafin sanyi ya kankama, wa ya lura ɗan'uwansa ya yi shiru tun la'asar. Ɗana, raguwar ɗoki bayan shekara ba alamar lalacewa ba ce. Tunda da kaka kuka fara, kaka kuma ta zagayo, ka dubi abin da kuka shuka a watanni goma sha biyun nan, domin abin da mutum ya shuka shi yake girba. Idan kana iya gane gajiyarta daga yadda ta ajiye kofi, an samu amfani.

Kalmar ma'aurata kuma ginin ma- ne na masu aikata abu, irin na manoma da matafiya. Mata kuwa biyu ce a baki ko da yake ɗaya ce a takarda: matar aure muryar takan fara ƙasa ta hau, jam'in mace kuwa sama take tafiya duka.

Tambaya: Malam, kullum da daddare sai mun yi ta ja-in-ja kan taga. Ni in rufe in ce ana ɗari, shi ya buɗe ya ce ɗan sanyi ne kawai mai daɗi. Sanyi da ɗari ba abu ɗaya ba ne?

Amsa: Ba ɗaya ba ne, 'yata. Sanyi ita ce kalma mai faɗi, ta haɗa sanyin ruwa, sanyin inuwa, sanyin safiya, musamman mai ɗauke da danshi. Ɗari kuwa busasshen sanyi ne mai iska, wanda ke fasa leɓe ya sa fata ta yi fari. Sanyi yana iya zama abin so, shi ya sa muke cewa sanyin ido, sanyin hali, raina ya yi sanyi, ko da yake akwai sanyin gwiwa da sanyin jiki da ba a so. Ɗari kuwa ban san inda ake yabo da shi ba. Har ma muna cewa yana ɗari-ɗari da ita, wato yana nesa-nesa, bai saki jiki ba. A furuci, ɗarin sanyi ana jan wasalin farko, ɗari na lissafi kuwa a gajarce yake.

A farkon kaka yawanci maigidanki ne zai fi kusa da daidai, domin iskar tana da sauran laima. Idan aka doshi ƙarshenta, ganye ya gama zuba, iska ta bushe, kalmarki ce za ta hau. Sai dai jiki ba ɗaya ba ne, abin da wani ke ji sanyi mai daɗi wani har ƙashi yake jin sa, kuma wanda ya ce yana jin ɗari labarin jikinsa yake bayarwa, ba a ƙaryata shi da ƙamus. Ku bar tagar a ɗan sassauce ta gefensa, ke ki koma ɓangaren bango da bargo biyu.