Injin kunshe sirinji: ka fara duba bakin liƙi

Ɗan'uwa, ka tambaya ko injin kunshe sirinji zai raba ka da ciwon kai. Zai rage, amma kada saurinsa ya ruɗe ka. Gizo na saƙar ne a bakin liƙi, wato inda ƙarfen injin ke manne bakin ledar: zafi, matsi, da daƙiƙun da ƙarfen ke danne ledar. Ɗaya ya kauce, sai 'yar kafa siririya kamar gashi ta buɗe, ƙwayoyin cuta su shige. Shi ya sa ƙa'idar ISO 11607, wato ƙa'idar duniya kan kunshe kayan asibiti, ta wajabta tantance aikin liƙin. In da iskar etilin oksaid za a kashe ƙwayoyin, a sa murfi irin Tyvek, wani abu mai kama da takarda da ke barin iskar ta ratsa. Shawarata, duk lokacin da wasu ma'aikata suka tashi wasu suka karɓi aiki, a ɗiga ruwan rini a gwada liƙin, a ga ko zai ratsa.