Tambaya da Amsa: Daga Ina Kuɗin Agajin Bikin Giya na 'Yan Sa-kai Yake Fitowa a Ingila?

Tambaya: Ina aikin jinya a wani ƙaramin gari da ke kudancin Ingila. Ƙungiyar sa-kai ta garin tana shirya bikin giya na kwana biyu kowace shekara, abin da aka samu kuma a miƙa wa gidan da ke kula da masu ciwon ajali. Ni ba na sha, amma da suka ga ina da kai a lissafi sai suka roƙe ni in taimaka wa ma'aji. Kafin in ba su amsa, ina so in san yadda kuɗin yake shiga da fita, da kuma nauyin da zai hau kaina.

Amsa: Ɗan'uwa, abin da ya kamata ka fara sani shi ne ribar irin wannan biki ana samun ta ne, ko a rasa ta, tun kafin a buɗe ƙofa. Mai kallo daga waje yakan ɗauka cinikin giya ne yake tara kuɗin, alhali abu biyu ne suke riƙe da shi: masu ɗaukar nauyi da suka biya kuɗin kaya tun da wuri, da ma'aikatan da ba su karɓar ko sisi. Batun ko shiga aikin ya dace da addininka da ra'ayinka kuwa, wannan kai za ka yanke, ni lissafi da doka zan yi maka bayani.

Al'adar ta samo ƙarfinta daga ƙungiyar CAMRA, wadda aka kafa a 1971 don kare giyar ganga ta gargajiya. Bikinta na Kambrij ya fara a 1974, babban bikin ƙasa kuma aka fara shi a Alexandra Palace da ke Landan a 1977. Ƙungiyoyin gari irin su Round Table da Lions da Rotary sun ɗauki salon, suka mayar da shi hanyar tara kuɗin agaji, kamar yadda Lions na garin Farnham suka daɗe suna yi.

Sai ka fahimci gangar kanta, domin a cikinta haɗarin yake. Wadda aka fi sayowa ita ce ƙaramar da suke kira firkin, mai cin galan 9, wato kusan lita 41, ko kuma kofi 72 na awon da suke kira pint, mai mililita 568. Giyar cikinta tana da yis mai rai, saboda haka ba a sauke ta yau a sayar yau. Sai an kwantar da ita a kan maɗori, an huda mata hanyar iska, an bar ta kwana ɗaya ko biyu har gurɓin ya kwanta, kuma duk tsawon lokacin ana riƙe sanyinta tsakanin digiri 11 zuwa 13, abin da ba ya da sauƙi a cikin tanti a watan Yuli. Da zarar an buɗe ta, kwana uku ne ko makamancin haka ta fara tsami, kuma kamfanin da ya sayar ba zai karɓi ragowa ba, gangarsa kawai yake jira a mayar masa. Ka ɗauka an sayo ganga 40. A takarda kofi 2,880 ke nan, amma idan kowace ta yi asarar kofi biyar tsakanin gurɓi da zubewa da ɗanɗanon masu saye, kofi 200 sun tafi ba wanda ya biya. Idan kuma ruwan sama ya hana mutane fitowa ranar Asabar, abin da ya rage sai a zubar. A ganina kwamitin da giyarsa ta ƙare awa ɗaya kafin tashi ya fi wanda ya wayi gari da ganga goma cike, ko da kuwa na farkon ya sha ƙorafi.

Nan ne masu ɗaukar nauyi suke shigowa. Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce a nemi kowane ɗan kasuwar gari, makaniki ne ko lauya ko mai sayar da gidaje, ya biya kuɗin ganga ɗaya, a manna sunansa a jikinta, a sa shi a ɗan littafin biki, a ba shi tikiti biyu ko huɗu. Babban mai ɗaukar nauyi shi ake buga tambarinsa a kofin gilashin da kowa yake tafiya da shi gida. Idan an sami mai biyan kowace ganga, duk kofin da aka sayar ya zama kusan riba tsantsa, kuma mummunan yanayi ba zai taɓa uwar kuɗin giyar ba. Abin da zai zama aikinka shi ne ka tabbatar kuɗin ya shiga asusu kafin a kai littafin wurin bugawa, domin alkawarin baka da aka yi a mashaya a watan Maris ba kasafai yake zama kuɗi a watan Agusta ba. Ka kuma bambanta kuɗin kyauta da na ɗaukar nauyi a littafin lissafinka: wanda aka tallata sunansa ya sayi wani abu ne, kuma hukumar haraji ba ta kallonsa da idon da take kallon mai kyauta.

Ta fuskar izini, dokar lasisi ta 2003 ce take aiki a Ingila da Wales. Ƙaramin biki yakan wadatu da sanarwar taron wucin gadi, wadda ake taƙaitawa TEN: kuɗinta fam 21, ana kai ta ƙaramar hukuma aƙalla ranakun aiki 10 kafin biki, ba ta wuce awa 168, kuma mutanen da ke wurin a lokaci guda kada su haura 499. Wannan adadin ya haɗa da ma'aikata da makaɗa, kuma nan ne kwamitoci da yawa suke kuskure, su sayar da tikiti 499 su manta da kansu. Wanda yake son taron da ya fi haka sai ya nemi cikakken lasisin wuri, wanda ake ba jama'a kwana 28 su kawo ƙorafi a kansa. Sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba laifi ne, sayar wa wanda ya bugu ma laifi ne, kuma kasancewar mutum ɗan sa-kai ba ya wanke shi. Shi ya sa ake tara masu zuba giya a yi musu bayani kafin kowane zango.

Wurin karɓar kuɗi, yawancin bukukuwa ba sa barin tsabar kuɗi ta kai wurin zuba giya. Mai saye yana biya a tebur guda, a ba shi kati mai ɗauke da ƙima, ana sokewa yana sha. Wannan yana rage hannun da ke taɓa kuɗi, kuma ragowar katin da mutane suke jefawa a akwatin agaji lokacin fita tana taruwa ta zama abin kirki. Kada ka taɓa ƙidaya kuɗi kai kaɗai, ko da an yarda da kai. Ku zama biyu, ku sa hannu tare a kowane dare.

Akwai ruɗani guda da nake yawan gani game da tsarin Gift Aid, wanda gwamnati take ƙara kwabo 25 a kan kowane fam ɗaya. Yana hawa ne kan kyautar da mai biyan haraji ya ba ƙungiyar agaji da kansa, ya kuma cika takardar shaida. Kuɗin tikiti da cinikin giya ba sa ciki. Haka nan ku kula da abin da kuka rubuta a allon talla, domin cewa za a ba da ribar biki daban yake da cewa za a ba da duk abin da aka tara.

Kafin ka amsa musu, ka tambayi abu uku: ko ƙungiyar tana da rajistar da ta sa ta tsaya da ƙafarta a gaban doka, ko tana da inshorar haɗarin jama'a, wadda ƙananan hukumomi suka saba neman ta fam miliyan 5, da kuma nawa ta ajiye daga bara. Idan ba ta da rajistar, bashin mai tanti da na kamfanin giya yana iya bin 'yan kwamitin da suka sa hannu har gida. Ajiyar kuwa ita ce za ta biya kuɗin kama tanti da oda ta farko a baɗi, don haka idan ka ga sun saba miƙa wa gidan jinyar komai har kwabon ƙarshe, ka nemi a rubuta a kundin taro adadin da za a riƙa barin a asusu kafin a rubuta cakin agaji.