Amsa ga ɗanmu da aka kayar a zaɓen ƴan kokowar jiha

Assalamu alaikum jama'ar gurup. Ku yi mini haƙuri, muryar nan za ta yi tsawo, wanda ba ya da mega ya bari sai dare.

Ɗana, na ji saƙonka tun jiya da la'asar. Ka ce an sake kayar da kai a zaɓen jiha, ba ka shiga cikin goman da za su wakilci Damagaram a gasar takobi, wato gasar kokowa ta ƙasa, ba, kuma kana tambaya ko akwai wanda ya san malamin da ke ba da taimako mai kyau, don kai a jikinka kana jin ɗaure maka ƙafa aka yi. Na ga har wasu sun fara turo maka lambobi. Ni ba zan ba ka lambar kowa ba. Na saurari muryarka da kyau, kuma abin da na ji a ciki daban ne. So kake wani babba ya dafa kafaɗarka ya ce maka, shi ke nan, ka yi ƙoƙari, ajiye walki ka huta. Izini kake nema. To ni ban ba ka ba.

Ina wurin ai, kana sane. Ina zaune gefen makaɗa, na ga kayen da idona. Tun kafin alƙali ya busa, idonka yana kan layun da ke damtsen mutumin, daga nan ka juya kana kallon jama'a, kana neman inda ƴan unguwarku suka zauna. Da aka ce ku kama, tsaye ka tsaya ƙiƙam, nauyinka duk a dunduniya, yana matsowa kana ja da baya, har ka miƙa masa ƙafar dama da kanka. Wa ya ɗaure ta? Kai ka ba shi. Yaron da a wajen motsa jiki yake sunkuyawa har sai ka rasa ta inda za ka shige shi, ranar nan ban gan shi ba. Faɗuwar gaba asarar namiji, haka magabata suka ce, kuma ita ce ta ci ka. Akwai bidiyon a wayar yaran nan, na san ka ƙi kallo. Ka kalla. Ka zauna kai kaɗai ka kalle shi har sai kunyar ta fita, ka fara ganin ƙafafunka.

Maganar laya kuwa, kar wani ya je ya ce na ce babu addu'a. Addu'a gaskiya ce, kuma ba ɗan kokowar da ke shiga fili bai nemi tsari ba. Amma ku biyu kuka shiga, kowa da nasa a damtse da ƙugu, ɗaya ya faɗi. Kuɗin da za ka kai can, ka sayi madara da wake da su, ka roƙi uwarka ta sa maka albarka.

Yanzu bari in tuna maka yadda gasar takobin nan take, don ku yaran yanzu ranar ƙarshe kawai kuke kallo a tele. Tun 1975 aka fara ta a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauki na farko. Jiha 8 ne, kowace ta kawo mutum 10, mutum 80 ke nan, takobi kuwa guda ɗaya. Ka ga 79 hannu biyu za su koma gida, kuma kowanensu sarki ne a garinsu, an yi masa kiɗa, an yi masa kirari kafin ya taso. Ka faɗi sau ɗaya, maganar takobi ta ƙare maka a shekarar. Amma an ce ka tattara kayanka ka tafi? A'a. Gobe da safe jiharka za ta kara da wata jiha, sunanka yana cikin takarda, dole ka ɗaura walki ka sake shiga gaban mutanen da suka ga bayanka a ƙasa jiya, ka nemo wa jiharka kaye. Nan ake gane ɗan kokowa, wallahi nan ne. Na ga ƙarti da suka faɗi ranar farko suka zama kamar an zare musu laka, kowa ya zo ya kayar. Na kuma ga wanda ya faɗi ranar farko, ya tashi ya karkaɗe yashi, ya bi sauran kwanakin yana lalata wa manya lissafi, yana fitar da waɗanda ake cewa su za su ɗauka. Irin wannan na biyun, ko bai ɗauki komai ba, shekara mai zuwa kowa tsoron haɗuwa da shi yake.

Ka ɗauki Isaka Isaka na Doso. Zuwa 2023, sau 6 ya ɗauki takobi, kowa ya sani. To daga 2015 da ya fara ɗauka, duk shekara shi ke ɗauka? Akwai shekarun da takobin ya kwana a wasu jihohi, ya koma gida ya ci gaba da aikinsa ya dawo. Lokacin da aka kawo gasar nan garin, wa ya ɗauka? Tasi'u Sani, namu, a gida, a filin Langa-Langa, gari ya kwana bai yi barci ba. Kuma shi kansa Langa-Langan da aka sa wa filin sunansa, da su Balla Haruna, kana tsammanin daga cikin uwarsu suka fito da takobi a hannu? Yashi suka ci, a ƙauyuka, a kasuwanni, inda ba kamara ba lasifika. Kai a zaɓen jiha ka faɗi, ma'ana ka riga ka wuce na gunduma, ka kayar da mutane kafin ka zo nan. Wannan ka manta shi, kayen guda ɗaya kake riƙe da shi.

Kuma na san abin da ke cinka, ba kayen ba ne kaɗai. Bakin ƴan fada ne. Nan ne raina yake ɓaci, ku bar ni in faɗa. Akwai wani yaro da na riƙe shekarun baya, daga wajen Mirya yake, ba zan kama suna ba, tsofaffin gurup ɗin nan sun san shi. Ban taɓa ganin ƙugu irin nasa ba. In ya kama ka ta nan, sai dai ka ji ƙafarka ta bar ƙasa. Ba ya shan komai, ba ya da fitina, da asuba yana riga ni zuwa fili. Ya zo zaɓe, santsi ya ɗebe shi, wani da bai kai shi ba ya faɗa masa. Abin da ke faruwa ga kowa. To daga ranar nan yaron bai ƙara shan shayi cikin kwanciyar hankali ba. Ya zo wucewa a yi tari, a ce ga sarkin fili nan, a ce a matsa masa kar ya faɗi. Su wa? Mutanen da ko ɗan akuya ba su taɓa kayarwa ba, suna zaune kan benci tun safe har dare, sai an saya musu siga. Masu kuɗin da ke kiransa ɗana suna cusa masa jika biyar a aljihu lokacin da yake kaye, ya je gaishe su aka ce suna barci. Lokacin ana ta rububin zinariya a Jado, wajajen 2014, ya bi mota ya tafi. Ya dawo, Alhamdulillahi da ransa ya dawo, amma ƙirji ya lalace da ƙura, ƙafa ta mutu, kokowa ta ƙare. Yau in na gamu da shi a Kasuwar Dole sai ya sunkuyar da kai, ni ma in rasa abin faɗi. Kuma waɗanda suka yi masa dariyar suna nan kan bencinsu, su ne in an fara gasa suke ihu wai Damagaram ba ta da ƴan kokowa, wai an bar mu a baya. Ku kuka cinye su! Da bakinku kuka cinye su. Wasunku suna cikin gurup ɗin nan, na ga abin da aka sa jiya, hoton yaron nan yana ƙasa da ƴar fuskar dariya a kai. Wanda ya sa ya san kansa. Ka goge shi, don Allah. Ka goge, ko ka zo fili gobe in haɗa ku mu ga naka tsayin.

To. Ina nake? Eh, maganar shekaru. Ka ce kana ganin lokaci ya wuce ka. A'a, tsaya, ba haka ka ce ba, cewa ka yi sa'anninka duk sun yi aure sun kama sana'a, kai kana nan kana birgima cikin yashi. Wannan magana ce mai nauyi, ba zan raina ta ba. Ba wanda ya ce ka bar kabu-kabunka. Yawancin waɗanda kake gani a tele manoma ne, mahauta ne, ƴan dako ne, shi ya sa ma ake yin gasar bayan an kai amfanin gona gida, lokacin sanyi. Ka yi aikinka da rana, asuba da yamma na fili ne. Ƙarfin ɗan kokowa kuma ba ya cika da wuri, naka yanzu yake zuwa.

Dubi Alfaga ma, ɗan wasan taikwandon Nijar. Tun yana yaro mahaifinsa ya hana shi taikwando, saboda wani ɗan uwansu ya rasu ta dalilin wasan. Sai da ya je Togo ya ci gaba, da kayan aro. A 2016 a Riyo ya kawo wa Nijar azurfa, rabonmu da lambar Olamfik tun tagullar da Isaka Dabore ya samo a dambe a 1972, shekara 44. A wasan ƙarshe an doke shi fa, amma 2017 ya je Koriya ta Kudu ya zama zakaran duniya. Ya je Tokyo ya dawo ba komai, kuma bai... kai, bar wannan, wasansu daban ne, su suna da masu horo a Turai. Mu koma namu.

Ga abin da nake so da kai. Gwiwar nan da kake ɗingisawa kana ɓoyewa, na gani. Ka je asibiti a duba ta, a ɗauki hoto in ya kama, kar ka tsaya shafe-shafe kawai. Kuma kar in ji, kar in kuskura in ji wani ya ba ka tiramol wai don ka daina jin ciwo. Ciwon yana nan, ji ne kawai ba ka yi, kana taka ta tana ƙara lalacewa, ga shi ta kama ka ba ka iya rabuwa da ita. Mun ga yaran da ta mayar abin tausayi a garin nan.

In likita ya sallame ka, za ka bar kokowa da ƙannenka. Ka saba kayar da yaran da ka fi ƙarfi, shi ya sa ranar da ka ga wanda ya fi ka girma gabanka ya yanke. Zan haɗa ka da manya, su yi ta maka ka da ƙasa har jikinka ya gane ba mutuwa ba ce. Sannan duk inda aka buga gangar kokowa, Magarya ne, Matamai ne, Kance ne, Dungas ne, ka hau mota ka je, inda ba wanda ya san sunanka balle ya yi maka tari. Can za ka koyi tsayuwa gaban baƙon ƙato, da baƙon kiɗa, da jama'ar da ba taka ba.

Jibi bayan sallar asuba ina fili. Ko gwiwar ba ta bari ka kama, ka zo ka zauna, ka taho da bidiyon nan mu duba tare, akwai abin da hannunka na hagu yake yi da nake so in nuna maka. In ba ka zo ba gidanku zan biyo, babanka abokina ne tun ba a haife ka ba. Mai hoton nan kuma ina jira in ga an goge. Wassalamu alaikum.