Amsa kan 'yan ƙwallon da ajali ya katse wa hanzari

Ƙanina, ka tambayi wane ɗan wasa ne mutuwa ko hatsari ya raba shi da fili da har yau ba mu manta da shi ba, ka kuma ce ba ka ga dalilin da manyan zauren nan ke yawan ambaton Okwaraji ba, alhali ko kofi ɗaya bai ɗauko wa Najeriya ba. Na ga matasa sun cika wurin da sunan Diogo Jota na Portugal da Christian Atsu na Ghana, kuma ba su yi laifi ba, kowa wanda ya gani da idonsa yake kira. Ni dai Samuel Okwaraji zan kira.

Ɗan Orlu ne a jihar Imo, ɗan wasan tsakiya mai gashin dada, wanda ya yi karatun lauya a birnin Rum yana kuma taka leda a Turai. A wancan zamani ba kasafai ake samun ɗan ƙwallo mai boko irin wannan ba. A 1988 ya fara sa rigar Najeriya, ya je gasar kofin Afirka a Maroko, inda ya ɗura wa Kamaru ƙwallo tun mutane ba su gama zama ba. Kamarun ce dai ta doke mu da ci ɗaya a wasan ƙarshe. Bai cika shekara biyu yana buga wa ƙasa ba, shi ya sa kai da ke duba lissafi a waya ba za ka ga komai ba. Mu da muka kalle shi mun ga mutumin da in ƙwallo ta zo ƙafarsa hankalin kowa ke kwanciya.

Ranar 12 ga Agusta 1989 aka kara da Angola a babban filin wasa na Surulere, Legas, wasan neman gurbin kofin duniya na 1990. Ina sakandare a lokacin, a talabijin ɗin maƙwabta muka kalla. Saura minti goma sha wani abu a tashi sai ya yanke jiki ya faɗi, babu wanda ya taɓa shi. Mun ɗauka gajiya ce. Aka fita da shi, aka ƙarasa wasa, Najeriya ta ci ɗaya da nema, muka watse muna murna. Sai daga baya labari ya iso cewa rai ya yi halinsa, yana da shekara 25. Likitoci suka ce zuciyarsa ta kumbura kuma yana da hawan jini. A ranar ma wasu 'yan kallo sun mutu a filin saboda cunkoso, su ko sunansu ba a ambata. Bayan mako biyu muka je Yawunde aka ci mu ɗaya, Kamaru ta tafi Italiya ta girgiza duniya, mu muka zauna gida.

Shekara 14 bayan haka sai ga abin ya maimaita kansa a kan Kamarun. Marc-Vivien Foé, wanda yana cikin waɗanda suka ƙwace mana kofi a Legas a 2000, ya faɗi a tsakiyar fili a birnin Lyon ranar 26 ga Yuni 2003, suna wasa da Kolombiya. Shi ma ba wanda ya buge shi. Ya rasu yana da shekara 28, ciwonsa kaurin naman zuciya. A gidan kallon da nake ranar akwai masu jin haushin Kamaru tun fenaritin Victor Ikpeba da alƙalin wasa ya ce bai shiga ba a wasan ƙarshe na 2000, amma ba wanda ya iya cewa uffan. Manchester City ta jingine lamba 23 saboda shi.

Wasu kuma hanya ce ta ci su. Jirgin 'yan wasan Zambiya ya faɗa teku a gaɓar Gabon a Afrilun 1993, mutum 30 suka tafi, 18 daga ciki 'yan wasa, kuma da sabuwar tawaga suka zo har wasan ƙarshe a 1994 muka sha da ƙyar da ƙwallaye biyun Amuneke. A nan gida Kano kuwa akwai Chinedu Udoji, ɗan bayan Pillars. A Fabrairun 2018 ya buga wa Masu Gida wasa da tsohuwar ƙungiyarsa Enyimba, aka zaɓe shi gwarzon wasa, a daren ya yi hatsarin mota a cikin gari. Da yamma ana tafa masa, da safe ana jajen sa. Allah ya ba iyalansu haƙuri.

Amma abin da ya sa Okwaraji ya fi tsaya mini a rai shi ne Nwankwo Kanu. A 1996, bayan ya ciyo mana zinare a gasar Olympics ta Atlanta, likitocin Inter Milan suka duba shi suka gano matsala a zuciyarsa. Aka yi masa tiyata a Amurka, ya dawo ya yi Arsenal, ya yi Portsmouth, ya sake zama gwarzon Afirka a 1999. Duk su biyun da ciwo a ƙirji suke gudu, ɗaya an duba an gani, ɗaya sai a kan gawa aka gani. Na san wani zai ce ajali ne. Ajali ne mana, ba mai ja da wannan, amma ai an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali.

Dubi Fabrice Muamba na Bolton a 2012: zuciyarsa ta tsaya minti 78, yana nan da ransa, ƙwallon kawai ya bari. Christian Eriksen na Denmark ya faɗi a gasar Turai a 2021, nan take aka hau danna masa ƙirji aka sa masa na'urar farfaɗo da zuciya, har ya dawo ya buga wa Manchester United. Sannan ka dubi Chineme Martins na Nasarawa United da ya faɗi a Lafiya a Maris 2020 suna wasa da Katsina United, ya kuma rasu. Jaridu sun ruwaito cewa motar asibitin da ke filin ƙin tashi ta yi. Shekara talatin kenan bayan Okwaraji, kuma a babbar gasar ƙasa.

Na daɗe ina riƙe da ƙungiyar yara a unguwa, na kuma san abin da muke yi in yaro ya faɗi. A taru a kansa, wani ya cire riga yana fifita, wani ya yayyafa ruwan leda, wani ya cusa masa cokali a baki wai kada ya haɗiye harshe. Duk ɓata lokaci ne, cokalin ma cutarwa ce. Wani ma'aikacin jinya da ƙaninsa ke buga mana ne ya zaunar da mu ya koya mana: wanda ya faɗi ba tare da karo ba, ba ya amsawa, numfashinsa ba daidai ba, to a ɗauka zuciya ce. A kwantar da shi rigingine, a ɗora hannu bisa hannu a tsakiyar ƙirji, a riƙa dannawa da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa, wani kuma ya ruga neman mota. Mintunan farkon nan su ne komai, don ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin jini.

Tun daga nan, yaron da ya zo shiga ƙungiyata sai na tambaye shi ko ya taɓa suma yana gudu, ko ƙirjinsa na ciwo in wasa ya yi zafi, ko a gidansu an taɓa rasa matashi farat ɗaya. In ya ce e a ɗaya, ba zai taɓa mini ƙwallo ba sai ya kawo takardar gwajin zuciya daga asibiti. Wani uba ya taɓa zuwa har fili yana faɗa, wai na hana ɗansa tafiya Turai. Na ce masa kuɗin gwajin bai kai na takalmin da ke ƙafar yaron ba, ya je ya yi, in likita ya sa hannu ranar Asabar yaron zai fara a cikin sha ɗayan farko.