Amsoshinku: Kaluluwa ta fito wa mai ciwon yawan filatilet

Wata baiwar Allah daga Rikkos ta ce mahaifinta ya daɗe da ciwon nan da ɓargo ke yawan ƙera filatilet, ƙwayoyin da ke sa jini daskarewa, yana kan hydroxyurea, maganin rage filatilet, da asfirin. Yanzu kaluluwa ta fito masa a wuya, ba zafi, mai kemis ya ce a sayi prednisolone, maganin rage kumburi. Ta saya?

Kar ki saya 'yar uwa, kuma ki kwantar da hankalinki. Gaskiya ne masu wannan ciwo sun ɗan fi sauran mutane haɗarin kamuwa da limfoma, wato dajin kaluluwa, amma yawancinsu har abada ba sa yi, kuma a nan Jos kumburin wuya sau da yawa tibi ne ko ciwon haƙori. Sai dai kaluluwa marar zafi da ta wuce sati uku, ga zufar dare, ga rama, wannan sai likitan jini, ku kai Baba JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, a Lamingo a ciri ɗan nama a duba.

To ga abin da ke ci min tuwo a ƙwarya. Prednisolone da ɗan uwansa dexa (dexamethasone) suna saɓar da kumburin limfoma na ɗan lokaci, gida a yi ta murna an warke, ciwo na nan yana aikinsa, randa aka je cirar nama kuma maganin ya riga ya dagula hoton, likita ya kasa gane komai, a sake gwaji a sake biya. In tibi ne ma ƙara masa ƙarfi kuka yi. Mai kemis ɗan kasuwa ne fa, bai taɓa leƙa jinin Baba ba. Kuma kar wani ya ce a daina hydroxyurea wai shi ya jawo, in filatilet suka hau jini na iya toshe jijiya, shanyewar ɓarin jiki kenan.

Wani daga Bauchi Road yana tambaya ko ya sayi maganin "wanke jini" na masu lasifika a Terminus don gwaji ya nuna filatilet ɗinsa 500,000. Haba malam. Eh ya haura 450,000 da ke iyakar na mai lafiya, amma ƙarancin sinadarin ayon ko kamuwa da wata ƙwayar cuta ma na ɗaga shi. Kuɗin jarkar nan ka sake FBC, wato gwajin ƙirga ƙwayoyin jini, da shi bayan 'yan makonni, in bai sauka ba likita ya tura ka gwajin JAK2, wanda ke taimakawa a gane ko ciwon ɓargon ne.

Mai tambayar hydroxyurea mai araha: duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kar ki karɓi na ƙulli a leda.