Yara na barci a darasin tarihi: in shirya musu wasan Bayajida?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyar da tarihi a aji biyu na ƙaramar sakandare a Kaduna. Da zarar na fara jero sarakunan ƙarni na 11 zuwa na 16, rabin aji sun kife kai a benci. Shugabar makaranta ta ce in nemo abin da yara za su yi da hannunsu, amma ko sisi ba ta ba ni ba. Na yi niyyar shirya wasan kwaikwayon Bayajida, in raba aji gida biyu, Hausa Bakwai da Banza Bakwai. Tsorona kada a ce ɓata lokaci nake yi, ga jarrabawa na tafe.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Rashin kuɗi ba zai hana ki komai ba. Ki sa su kwaɓa jar ƙasa da busasshiyar ciyawa, su dunƙula tubali irin na gargajiya, mai faɗin gindi da tsinin kai, su ƙirga nawa aji ya yi cikin minti 40. Bayan sun gaji sai ki gaya musu Sarki Gijimasu (1095–1134) ne ya fara ganuwar Kano, Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya faɗaɗa ta. Su da kansu za su tambaya: mutum nawa suka yi aikin, wa ya ciyar da su, ina aka haƙo ƙasar? Yaron da bayansa ya yi tsami ba ya manta Gijimasu a ɗakin jarrabawa. Ki kuma kafa musu kasuwar Kurmi a tsakar aji, da gishirin Bilma, goron Gwanja, fata da sawaye, a yi musaya. Kada ki sa wuri, wato kuɗin wuri irin na da. Littafin Tarihin Kano ya ce sai zamanin Sarki Sharefa, a ƙarni na 18, wuri ya shigo ƙasar Hausa.

Amma wasan nan da kika ambata, don Allah ki dakata. Kusan duk taron malamai da na je sai na ji shi, har na gaji da maimaita magana. An ɗauka sa wa yaro rawani da takobin kwali shi ne koyarwa a aikace. Ba shi ba ne. Hadda ce ta sake riga, kuma haddar da ta fi ta allo illa, domin abin da yaro ya taka da jikinsa gaban iyayensa ya zama gaskiya a wurinsa har tsufa.

Ki duba wa ake kira Banza Bakwai, waɗanda labarin ya ce zuriyar ƙwarƙwarar Bayajida ce: Zamfara, Kabi, Yawuri, Gwari, Nupe, Kwararrafa da Yarabawa. Yanzu ki buɗe rajistar ajinki, a Kaduna fa kike. 'Yan Gbagyi, wato Gwari, nawa ne? Nufawa nawa? Za ki tsayar da ɗan shekara 12 a gefe, ki ce kakansa ɗan ƙwarƙwara ne, a tafa, a tashi. Washegari a filin ƙwallo sunansa ya koma "banza", kuma malamar tarihi ce ta raɗa masa.

Ga shi kuwa maganar ba ta da ƙafar tsayawa. Labarin Bayajida da rijiyar Kusugu gadon baka ne mai daraja, yana nuna yadda masarautu suka fassara dangantakarsu da Daura. Amma rubuce-rubucen da suka kawo mana rabon bakwai-bakwai na ƙarni na 19 ne, irin na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da na Bajamushe Barth, kuma jerin sunayen na sauyawa daga wannan ruwaya zuwa waccan. Kabin da ake ce wa banza, Kanta ne ya ɓalle da ita daga Songhai wajen 1516, ya gina Surame wadda kufanta ke nan har yau a jihar Sakkwato. Kwararrafa kuwa har cikin birnin Kano suka shiga da yaƙi a ƙarni na 17. Masu yaɗa guntun bidiyo a TikTok ba su san wannan ba, ba su kuma damu su sani ba. Masu duba makarantu ma hoton yara da alkyabba suke nema su liƙa a rahoto.

In kina son Bayajida a aji, kowane yaro ya je wurin dattijon gidansu ya rubuto yadda ya ji labarin, ko labarin asalin garinsu in ba su da wannan. A liƙa takardun a bango, a nemo inda suka haɗu da inda suka rabu, a tambayi dalili. Takarda da gam kawai ake buƙata.