Ku Tambayi Baba Malam: Da gaske ne mai tsofaffin littattafai ya zama sarki?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba Malam. Sana'ata sayar da tsofaffin littattafai a bakin titi kusa da Terminus, shekara goma sha ɗaya ke nan ina shimfiɗa leda ina jera kaya. Wani ɗalibin jami'a da ke ciniki a wurina ya ce akwai wani ƙauye a Ingila da ya cika da shagunan littattafan gwanjo, wai har wani mai irin sana'ata ya naɗa kansa sarki, kuma wai garin na ƙawance da Timbuktu. Na ce masa ya daina yi mini tatsuniya da rana tsaka. Shin gaskiya ne? In gaskiya ne, hukuma ta zuba masa ido? Kuma me zai hana a yi irinsa a Jos?
Daga wani mai karatu, Gangare, Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗana, sai dai ka nemi ɗalibin nan ka ba shi haƙuri, don ya fi ka gaskiya. Kuskurensa ɗaya ne: garin ba a Ingila yake ba, a Wales yake, kuma mutanen Wales ba sa son a kira su Ingilishi ko da wasa. Amma ba zan ga laifinsa ba, domin wani ɗan rafi ne kawai mai suna Dulas ya raba garin da Ingila. In ka tsallake shi ka bar Wales.

Sunan garin Hay-on-Wye, wato Hay na bakin kogin Wye. Da harshen Wales kuwa Y Gelli suke cewa, kuma za ka ga sunayen biyu a kan allo. Mutanensa ba su kai dubu biyu ba. Na taɓa zuwa sau ɗaya, lokacin da na kai wa 'yata ziyara tana karatu a can ƙasar. Na sauka daga jirgin ƙasa a Hereford, na shiga bas muka yi tafiyar kusan awa guda cikin gonaki da tumaki. Ni da nake taƙama da cewa Bajashe ba ya jin sanyi, ranar na gane cewa hunturunmu na Disamba wasan yara ne.

Asalinsa garin kasuwa ne na kan iyaka. Turawan Norman ne suka gina masa ganuwa da gidan sarauta na dutse wajen shekara ta 1200, don su riƙa tsare hanya suna karɓar haraji. Kasuwarsa tana ci ranar Alhamis tun ɗaruruwan shekaru, har yau ba ta fasa ba. Manoma su kawo tumaki da man shanu da cuku, su sayi abin da za su saya su koma. To bayan yaƙin duniya na biyu sai abubuwa suka fara ja da baya. Injin ya rage buƙatar 'yan ƙodago a gona, samari suka tafi birane, a 1962 kuma aka daina jigilar fasinja a layin dogon da ke bi ta garin. Mu da muka ga yadda Bukuru da Barikin Ladi suka yi sanyi bayan kasuwar kuza ta faɗi, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Daidai wannan lokaci ne, a farkon shekarun 1960, wani saurayi mai suna Richard Booth, wanda ya yi karatu a Oxford, ya buɗe shagon tsofaffin littattafai a tsohon gidan 'yan kwana-kwana. Kai da kake cikin sana'ar za ka fi kowa gane dabararsa. Littafi kaya ne mai cin wuri, ba ya ruɓewa, ba ya kuma saurin fita. Abin da yake buƙata shi ne ɗaki babba mai arha. A Landan ba a samun wannan, a Hay kuwa gine-gine ne zube babu mai so. Sai ya riƙa zuwa Amurka yana sayen littattafan ɗakunan karatu da ake rufewa, yana cika kwantena yana aikowa. Ya cika gidan silima, daga baya ya mallaki gidan sarautar kansa. Wasu da suka yi aiki a ƙarƙashinsa suka buɗe nasu, baƙi ma suka zo, har shaguna suka haura talatin. Yanzu sun ragu saboda cinikin intanet, amma akwai fiye da ashirin.

Maganar sarauta kuwa, ranar 1 ga Afrilu 1977 ya yi ta, ranar da Turawa ke zolayar juna. Ya sa kambi, ya ce Hay ta ɓalle daga Birtaniya, shi ne sarki, dokinsa kuma firayim minista. Ka ga amsar tambayarka ta biyu: wa zai kama mutumin da ya naɗa doki minista? Sarautar tashe ce. Sai dai tashen ya yi riba, domin 'yan jarida sun yi tururuwa, duniya ta ji sunan garin ba tare da ya biya kuɗin talla ba. A ƙarƙashin wasan akwai ƙorafi na gaske, cewa manyan ofisoshi na nesa ba su damu da ƙananan garuruwa ba. Ya rasu a 2019.

Masu mulkin gaske ba su da kambi. Akwai majalisar gari, 'yan tsirarun kansiloli da ake zaɓa, kuma ba albashi suke ci ba. Su ne ke zaɓar magajin gari daga cikinsu. Makarantu da hanyoyi da kwashe shara suna hannun majalisar gundumar Powys, ɗaya daga cikin manyan majalisu 22 na Wales. Sama da ita akwai majalisar dokokin Wales a Cardiff, wadda ta fara zama a 1999.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai ba majalisa ba ce, ƙananan ƙungiyoyin 'yan gari ne. Tsohuwar rumfar cuku da aka gina a 1835 ta lalace, sai wasu mazauna garin suka haɗu suka gyara ta. Benen sama ana ba baƙi haya, kuɗin yana komawa hidimar gari. Gidan sarautar ya sha gobara sau biyu, a 1939 da 1977. A 2011 wata gidauniya ta saye shi, aka shafe shekaru ana neman kuɗi ana gyara, aka buɗe wa jama'a a 2022. Ina rubuta wannan ina tuna babbar kasuwarmu da ta ƙone a 2002, wadda kai kake zaune a gindin kangonta kullum.

A harabar gidan sarautar nan na ga abin da na ba mutane labari suka ƙaryata ni: kantoci cike da littattafai a fili, babu mai tsaro, sai akwatin ƙarfe. Ka ɗauka, ka jefa kuɗi, ka wuce. Na tsaya ina waige-waige kamar ni ne ɓarawon.

Bikin adabi na garin ya fara a 1988, Peter Florence da iyayensa suka kafa shi. Ana yin sa ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni, kwana goma ko fiye, cikin manyan tantuna. Bill Clinton ya zo a 2001, Jimmy Carter a 2008, Desmond Tutu a 2009. Ba kowa ke murna ba. Shi kansa Booth ya daɗe yana hararar bikin.

Ƙawancen Timbuktu, wadda kakanninmu ke kira Tambutu, gaskiya ne, an ƙulla shi a 2007. Littafi ne ya haɗa su: can garin babban malamin nan Ahmad Baba ne da dubban rubuce-rubucen hannu, nan garin gwanjon bugun inji. A taswira ma kusan saitin juna suke, in ka miƙe kudu daga Hay.

Saura Jos. Ba zan yaudare ka ba, masu sayen littafi a Hay baƙi ne masu kuɗin yawon buɗe ido, naka kuwa ɗalibai ne masu neman ragi. Amma muna da jami'a, muna da gidan tarihi tun 1952, 'yan Abuja kuma suna hawowa shan iska. Abin da ba ku da shi rufi ne. Ruwan Agusta kaɗai ya isa ya cinye ribar shekara. Ku nawa ne masu littafi tsakanin Terminus da titin Ahmadu Bello? Ku ƙirga kanku, ku nemi rumfa ɗaya, ku tsayar da rana ɗaya a mako da kowa zai san ta. In kun tsayar, aiko mini in sanar a wannan fili. Kuma in tsohon ƙamus na Hausa ya faɗo hannunka, ko bangonsa ya cire, ajiye mini.